Shatin Yatsan Baba Tagwai

Akwai wani mutum a Makera ta Kaduna, ana kiransa Dakta Nuhu. A shekarar 1985 ya dawo gida daga Turai, inda ya yi aikin binciken nukiliya. Ilimi kam akwai, sai dai girman kan ya fi ilimin yawa.

A can, aikinsa shi ne ya sa siririn fallen jan ƙarfe a gaban wata na'ura mai harbo ƙananan ƙwayoyi, ya auna nawa ne suka daki ƙarfen. Da lambar da zai fitar ne wani asibiti zai saita tasa na'urar, ya haɗa sinadarin da ake sa wa majiyyaci a jini don a gano inda cuta take. Lissafin nan kaf ya rataya ne a kan kaurin fallen.

Ya zo da ragowar fallen a ambulan, don burga. Ya kai wa Baba Tagwai, tsohon maƙerin da ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa.

Tsohon ya murza ƙarfen da babban yatsa, ya ce:

"Nuhu, ƙarfen nan bai daidaita ba. Tsakiyarsa ta fi gefe kauri. Bari in yanko guntu biyu, tsakiya da gefe, in ɗora a ma'aunina."

Nuhu ya tuntsire da dariya. "Haba Baba, ai ba awarwaro ba ne! Kamfani ya rubuta kaurinsa a jikin kwali."

"To," in ji tsohon, "kwali dai bai taɓa riƙe guduma ba."

A makon Nuhu ya aika da lambobinsa Turai ta gidan waya, ya karɓi aikin koyarwa. Da damina Allah Ya yi wa Baba Tagwai rasuwa.

Bayan wata bakwai sai ga wasiƙa daga Judith, abokiyar aikinsa ta can. Ta ce sau uku asibitin yana bin lambarsa, sinadarin yana fitowa ƙasa da abin da ake buƙata, ana sallamar marasa lafiya a ce su dawo. Wata mata mai 'ya'ya biyu ba ta dawo ba. Kafin a gano cutarta, ta cika.

"Mun sake auna fallen da ka bari a nan," in ji Judith. "Tsakiyarsa ta fi gefe kauri."

 Nuhu ya ɗauko ambulan ɗin nan ya buɗe. Gumin hannu yana cin jan ƙarfe a hankali, shi ya sa a tsakiyar fallen ya ga shatin babban yatsan Baba Tagwai, ya yi baƙi, layi-layi, daidai inda kuskuren yake.

Ya yi kuka kamar yaro. Wanda zai roƙa gafara yana kabari, matar kuwa ko sunanta bai sani ba.

Ya rubuta ya janye lambar, amma bai taɓa goge shatin ba. Ɗalibansa sun ce duk sa'ad da zai rubuta lamba a allo, sai ya tsaya, ya waiga baya kamar an kira sunansa, sannan ya sake lissafin daga farko.

Darasi: Kada digiri ya toshe maka kunne daga gyaran wanda ya san aikin hannunsa. Awon da ka raina sake yi, wataƙila ran wani ne a kansa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu ganin sun gama sani.