Ledar Magungunan Assibi Mai Kitso

Akwai wani likita a Zongon Kotonu mai suna Mounkaïla. Ya buɗe ɗan asibitinsa ne a shekarun da ƙasar ta koma yin zaɓe, bayan babban taron ƙasa. Ya daɗe a aikin, kuma mutanen unguwa sun yarda da hannunsa.

Cikin masu zuwa wurinsa akwai Assibi mai kitso, wadda da yatsunta take ciyar da 'ya'ya huɗu, babbarsu Oumou. Wata rana ta zo masa hannayenta na rawa, tafiyarta ta yi nauyi, fuskarta ta daskare. Ya duba ta, ya ce cutar Parkinson ce, ba ta warkewa, sai dai ta haƙura da kitso.

"Likita, in na bar kitso, me zan kama?" in ji ta.



Ana nan sai aka kira likitoci formasiyo ta kwana uku, don ƙaro ilimi kan cututtukan jijiya masu sa karkarwa da sandarewar jiki. Abokin aikinsa Nasser ya yi masa dariya.

"Da furfurarka za ka koma benci? Mai koyarwar fa ba ta kai ƙanwarka ba."

"Ita ilimin bana ta karanta," in ji Mounkaïla. "Nawa ya shekara ashirin."

A rana ta biyu, malamar, Likita Zulaiha, ta sa musu kaset na bidiyo, suka ga yadda marasa lafiya ke tafiya. Sannan ta ce: "Kafin ku ce Parkinson, ku sa mutum ya juye muku duk magungunan da yake sha. Akwai maganin tashin zuciya da in an daɗe a kansa yake kawo irin wannan rawar, sau da yawa a hannu biyu lokaci guda."

Da ta faɗi sunan maganin, biron Mounkaïla ya tsaya. Shi da kansa ya rubuta wa Assibi shi bara, na kwana biyar. Bai taɓa tambayar ko ta daina ba.

Da yamma ya gaya wa Nasser.

"To, ka sauya mata a shiru mana," in ji Nasser. "In Zongo ta ji, wa zai sake taka ƙofarka?"

Mounkaïla bai biye masa ba. Ya hau zemijan, babur ɗin haya, har gidanta, ya same ta a tsakar gida da maƙwabtanta, ya ce ta kawo ledar magungunanta. Ga maganin nan, ga tsohuwar ordonans, takardar maganin da ya rubuta, ta sha ninki har ta kusa yagewa. Wata tara tana kai ta farmasi.

"Ai kai ka rubuta, Likita. Ba ka ce in daina ba."

"Gaskiyarki, Maman Oumou. Ban faɗa miki ba, ban kuma tambaye ki ba. Ina zaton shi ya jawo miki wannan. Laifina ne, ki yafe mini."

Assibi ta miƙe. "Wata uku ina zaune, matan da nake wa kitso suna wuce ni," ta ce, ta shige ɗaki.

Washegari ya dawo, ya kai ta wurin Likita Zulaiha da kansa. Aka tsayar da maganin, ya riƙa leƙa ta kowace Juma'a. A mako na goma ya tarar da kan wata amarya a cinyarta, tana tsaga shuku, layin a miƙe.

Ba ta ɗago ba ta ce: "Likita, matsa daga hasken, kana tare mini aiki. Gobe zan kawo maka innata, ita ma da ledarta."

Darasi: Ilimin da aka daina ƙarawa yana iya cutar da wanda ya amince da kai. Ka koma ka koya ko a wurin na ƙasa da kai ne, in kuma ka gano kuskurenka, ka je da ƙafarka ka gyara. Ku tura wa ma'aikatan lafiyar da kuka sani, da duk mai shan magani da tsohuwar takarda.