Ƙwai Ɗaya a Sheƙar Gaggafa

Dalilin da ya sa gaggafa ba ta yin ƙwai sai guda ɗaya tak kuke tambaya? To, ku matso inuwa. Lantana, ke kika hango ta tana shawagi a kan gonarmu, ke ya kamata ki fi kowa kasa kunne. Kai kuma Barau, ajiye danƙon nan, hannunka ba ya zama lafiya.

A zamanin da, gaggafa ta fi zabuwa yawan ƙwai. Sheƙarta tana kan wata tsohuwar kuka a bakin fadama, duk shekara sai ta cika ta fal. Fadamar nan kuwa Allah ya yi mata albarka. Ciyawa tana shan rana tana tofo, fara tana cin ciyawa, kwaɗi suna kama fara, macizai suna haɗiye kwaɗi, ita kuma gaggafa ta sauko ta sure maciji. Kowa yana samun na bakinsa, ba wanda ya ƙare.

'Ya'yan gaggafa suka girma, su ma suka hayayyafa, har in sun tashi da hantsi sai inuwarsu ta rufe ruwan fadama. Uwar tana kallonsu tana hura hanci. Ba a daɗe ba suka cinye macizai ƙarƙaf. Da macizai suka ƙare sai suka koma kan kwaɗi, har aka wayi gari ana tsakiyar damina fadama ta yi tsit, ba kukan kwaɗo ko ɗaya.

To, wa zai tare fara yanzu? Ta yi ta ƙaruwa, ta ci ganye, ta ci kara, ta bar ƙasa tsirara. Gaggafa kuwa ko ta wuni tana bin fara, abin da za ta kama bai kai wahalar da ta sha ba. Da ciyawa ta ƙare, farar ma ta watse.

Yunwa ta shiga zuriyar gaggafa. Wallahi nan ne wurin da ba na son faɗa. Sai ka ga tsuntsu yana tashi, ƙarfinsa ya ƙare, ya faɗo tim. Haka suka bi juna har ya rage saura autanta, ɗan tsako da ko gashin kirki bai yi ba, sai kuma sababbin ƙwai cike da sheƙa. Ita kanta da ƙyar take ɗaga fiffike. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance.

Ta tattara sauran ƙarfinta ta nufi sama wajen rana. Ta ce ai ita ta fi kowa kusa da rana, don me za a riƙa ciyar da ciyawar da ake takawa a bar ɗanta ya mutu?

Rana ta ce, "Abincina ɗanye ne. Ba mai iya dafa shi sai koren ganye. Koma ƙasa ki tambayi ciyawa."

Girman kai rawanin tsiya. Gaggafa tun da take ba ta taɓa gai da ciyawa ba, amma ranar ta sauka tana dube-dube, har ta tarar da wani ɗan tushen gamba da ya ɓuya a gefen dutse. Ta sunkuyar da kai ta faɗi damuwarta.

Ciyawa ba ta yi mata gori ba. Ta bayyana mata cewa abin da take karɓa daga rana, mafi yawa a kanta yake ƙarewa wajen rayuwa, ragowar ce fara take samu. Fara ta ƙone nata wajen tsalle, kwaɗo ya samu kaɗan. Kwaɗo ya kashe nasa wajen iyo da kuka, maciji ya samu ƙasa da haka. Kun dai ga yadda ƙwaryar fura take zagaya 'yan gayya, kowa ya kurɓa ya miƙa, na ƙarshe sai gindin ƙwarya. To, gaggafa ce ta ƙarshe, ga shi ta tara baki fiye da na kowa.

Ta tambaya yaya za ta yi autanta ya rayu.

Ciyawa ta ce, "Zan sake tofo in an yi ruwa. Amma fadama guda, ɗa guda nake iya ciyar miki. In kika ƙyanƙyashe ƙwan da ke sheƙarki, da su da autan ba wanda zai ga kaka."

Gaggafa ta koma kan kuka. Ƙwan nan da ɗuminsu, har tana jin motsi a cikin wasu. Ga auta a gefe ya buɗe baki, muryarsa ma ba ta fita. Ta daɗe tana kallonsu. Ba wanda ya tilasta mata, yara, ita da kanta ta sa baki ta riƙa mirgino su ɗaya bayan ɗaya, suna faɗowa gindin kuka suna fashewa. Duk wanda ya fashe sai ta rufe ido. Da ta gama ta rufe autan da fiffikenta, ba ta yi kuka ba.

Aka yi ruwa. Inda ƙwan suka fashe nan ciyawa ta fara fitowa, ta fi ta ko'ina kore. Gaggafa ta riƙa zuwa nesa tana tsinto abin da ya sawwaƙa tana ba ɗanta, ba ta taɓa komai a fadamar ba. Sannu a hankali fara ta dawo, kwaɗi suka biyo ta, macizai suka biyo kwaɗi. Autan ya rayu.

Shi ya sa har yau fara ba ta ƙirguwa, kwaɗi ba su kai ta yawa ba, macizai ba su kai kwaɗi ba, gaggafa kuwa sai ku wuni a daji ba ku ga biyu ba. Ƙwai ɗaya take yi. In kun ga tana shawagi tana karkata dama da hagu, ciyawa take dubawa ko tana nan kore. Barau, ranar da ka ɗaga mata danƙo, ka tuna abin da ta zubar kafin ta tsira da ɗayan nan.