Kwando Mai Jan Ƙyalle

Akwai wani manomin tumatir a bayan Dapaong, Ɗantani, mai lambu biyu.

Ƙaramin lambun na cin gida ne. Matarsa Rahinatou ke daka ganyen dogon yaro da barkono, ta jiƙa, ta tace, a yayyafa, a barbaɗa toka a gindi. Aiki ne mai cin rai, amma ƙwari da cuta ba sa zama.

Babban lambun kuwa na kasuwa ne. Maganin kwalba yake zabga masa, har ana gobe tsinka, wai kada ya ruɓe a hanya.

"Malam, wannan ma fa mutane ne za su ci," in ji Rahinatou.

"Na san su ne? Wa zai daka ganyen da zai ishi wannan fili? Ke dai kula da namu."

Kun ji fa. Ya san dafi ne, shi ya sa bai taɓa kai shi bakinsa ba.

'Yarsa Amira na aure a Zangon Sokodé, tana da cikin fari, ba abin da take kwaɗayi sai ɗanyen tumatir da gishiri. Duk lodi sai ya cika mata kwando daga ƙaramin lambu, ya ɗaura jan ƙyalle a baki, ya ce wa direba, "Wannan na jikana ne."

Ran nan taya ta fashe a hanya, aka sauke kaya aka sake lodi. Ƙyallen ya faɗi. Direba ya duba, kwando duk kwando ne, ya miƙa wa Amira ɗaya.

Ko wankewa ba ta yi sosai ba. Na Baba ne ai.

Amai da murɗar ciki suka kai ta asibiti. Ita ta rayu, amma cikin ya zube.

Ɗantani ya iso Sokodé, ya shaƙe wuyan direba. Mutumin ya ɓamɓare hannunsa, ya ce, "Malam, duka kwandunan nan naka ne. Wanne ne a ciki ba na ci ba?"

Ɗantani ya wuce wajen 'yarsa. A gadon asibiti Amira ta kama hannunsa. "Baba, kada ka damu, na san ba daga naka ba ne."

Darasi: Abin da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka sayar wa ɗan wani. Dakan dogon yaro da wuya, amma ya fi wannan kuka sauƙi. Ku tura wa duk manomin da kuka sani.