Shaidar Wuta a Kurmin Kaɗanya

An yi wani sarki a Birnin Tsauni mai suna Mainasara, mutum mai natsuwa, wanda tsoronsa na haƙƙin talaka ya fi tsoronsa na rundunar maƙiya. Gabas da birnin akwai kurmin kaɗanya da ɗorawa wanda rafi ya raba biyu. Tsallaken rafin gandun sarki ne, an hana talaka shiga tun zamanin mahaifinsa. Ɓangaren nan kuwa matan Unguwar Maje ke shiga, su tsinci ƙwara su yi man kaɗe, su tara kalwa su dafa daddawa, da haka suke tufatar da 'ya'yansu, su rufa wa kansu asiri.

Wata rana wani attajiri, Jatau, ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, malamai sun tabbatar cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa da izinin sarki, tasa ce. Wurin da matan nan ke yawo bai taɓa ganin garma ba. A ba ni in sare itatuwan in shuka auduga."

Sarki ya sa aka kira shugabar matan, Iya Tasalla, tsohuwa mai ƙaramin jiki. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, sannan ta dubi Jatau ta ce, "Kai ɗan nan, miyar da uwarka ta yaye ka da ita, daddawarta daga maƙabarta aka ɗebo? Ranka ya daɗe, wurin nan da ransa, mu muke renonsa."

Jatau ya ce, "Iya, itacen da Allah ya tsiro ba ya bukatar reno. Ku kawo shaidar da ba ta cin moriyar kurmin."

Sai dai kaf ƙauyen nan na Unguwar Maje babu bakin da bai ci daga kurmin ba.

Sarki ya juya ga wazirinsa Zubairu ya ce, "Waziri, ƙasar nan matacciya ce ko rayayya? Idan na bi zahirin magana zan kori mata, idan na bi tausayi za a ce na saɓa wa shari'a."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, akwai shaida guda da ke ratsa kurmin kowace shekara, ba ta da dangi a ƙauyen, ba ta kuma karɓar toshiya. Ina roƙon a jira ta."

Aka jira. Da kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, mafarauta suka saki wuta a daji kamar yadda suka saba, ta bi gefen rafi duka biyu. Da ta mutu, waziri ya roƙi sarki ya fita da kansa, tare da Jatau da Iya Tasalla.

A ɓangaren mata suka tarar ƙasa ta yi baƙi, amma gindin kowace bishiya an share shi fes, har sawun tsintsiya na nan, wuta ta zo bakin sharar ta tsaya. Ƙananan kaɗanyu ma da ba su wuce gwiwa ba suna nan kore, an kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Sarki ya nuna wata ya ce, "Iya, wannan yaushe za ta ba da 'ya'ya?"

Ta ce, "Ni dai ba zan gani ba, ranka ya daɗe. Ta jikata ce. Waccan babbar kuma kakata ta share mini ita."

Suka ƙetare rafi zuwa gandun sarki, sai kututture da toka, babu ƙaramar bishiya ko ɗaya da ta tsira.

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "A gafarce ni, shaida ta yi magana. Raya ƙasa ba da garma kaɗai ake yi ba, har da tsintsiya. Jatau bai yi ƙarya ba da ya ce akwai matacciyar ƙasa a nan, sai dai ba ta matan ba ce. Taka ce, ranka ya daɗe."

Sarki ya dubi tokar ya ce, "Astagfirullah. Mun hana masu reno shiga, muna zaton tsarewa muke yi."

Nan take ya tabbatar wa matan kurminsu, su da 'ya'yansu mata da jikokinsu, ya ce ba mai ɗaga gatari a ciki sai da yardarsu. Ya ba Jatau ƙonannen gandun ya raya, da sharaɗin duk kaɗanyar da ta tsiro masa ya bar ta. Sannan sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa waziri.

Iya Tasalla ta ce wa Jatau, "In ka tashi, zo in ara maka tsintsiya."

Ya ku masu karatu, haƙƙin da ba a ji ƙararsa ba yana nan a rubuce wurin Allah, kuma shugaba adali shi ne wanda zai taka da ƙafarsa ya duba, ko da abin da zai gani a kansa zai faɗa.