Rigar Baba Tabawa

Ku matso ku ji abin takaicin da aka yi wa wata dattijuwa a Funtuwa, Baba Tabawa, matar da ko allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba.

Ranar sunan jikan maƙwabciyarta ta buɗe adaka ta ciro rigar atamfa da ta ɗinka tun tana budurwa, mai faɗin wuya da hannu mai kumbura. Ashe yayin irin ɗinkin ya dawo. Tana cikin cin tuwon suna sai wata dillaliya, Hajiya Asabe, ta cafke mata hannun riga a gaban mata.

"Wallahi rigata ce! Sabuwa fil, cikin kayana aka sace ta!"

Lomar hannun tsohuwa ta faɗi. Ita da aka yi aurenta tun ba a haifi Asabe ba, yau ake kira ɓarauniya! Aka kai maganar gaban mai unguwa. Rigar ba ta da tambari ko rubutu. Ya ce ko tsohuwa ta kawo shaida, ko ta miƙa riga. Baba Tabawa ta koma ɗaki ta rufe ƙofa, ta daina fita ko gaisuwar mutuwa.

Tana da jikoki mata uku.

Lantana, mai sayar da atamfa a kasuwa, ta juya rigar, ta ga rinin ya ratsa ciki da waje, ta gane zanen tun zamanin da masaƙun Kaduna ke aiki ne. Ta yi ta yawo rumfa-rumfa har ta samo tsohon ɗan kasuwar da ya tabbatar an daina buga shi tuntuni. Asabe ta taɓe baki ta ce tsohon yadi ai ana yi masa sabon ɗinki.

Hansatu tela ce. Ta warware gefen kalmasa a gaban mai unguwa, ta nuna sawun keken hannu, da zaren da ya koɗe, da maɓallan da aka lulluɓe da yadi, ba zif ko ɗaya. Asabe ko kunya ba ta ji ba, ta sauya baki: ai dama a gwanjo ta saye ta, tsufan riga bai nuna ta Tabawa ce ba.

Barira ba ta san yadi ba, ba ta san ɗinki ba. Ta zauna bakin ƙofar kakarta tana lallashi har tsohuwa ta ce anko ne suka yi ita da ƙawarta Yalwa. Barira ta hau mota, ta bi ƙauyukan Bakori tana tambaya, ta iske Yalwa da rai, idonta ya tafi amma adakarta na nan. Ta dawo da ita da rigarta. Aka shimfiɗa rigunan biyu a tabarma gaban mai unguwa, kamar tagwaye.

Asabe ta sulale, ko "yi haƙuri, Baba" ba ta ce ba.

Baba Tabawa ta ninke rigar ta ce, "Rigar da aka ci mutuncina a cikinta ba za ta sake hawa jikina ba. Ɗaya daga cikinku ta ɗauka." Kuma ta hana a yanka ta, ta hana a yi karɓa-karɓa.

To jama'a, tsakanin Lantana, Hansatu da Barira, wa za a miƙa wa rigar nan?