Lasisin Bindiga da Ɗan Fari

An yi wani sarki ana ce masa Mainasara, ƙasarsa ta yi iyaka da wani dogon dutse inda sanyi kan daskarar da ruwa a cikin gora. A can sojojinsa ke tsaron iyaka, a can kuma wata shekara abokan gaba suka auka musu suka yi musu yankan rago. Ba tsoro ya ci su ba. Bindigarsu mai sakata ce, irin wadda sai ka ja ƙarfe baya ka tura harsashi kafin kowane harbi, to ranar nan sakatar ta ƙi motsi. An tarar da gawar wani soja da dutse a hannu, ajali ya riske shi yana dukan tasa. Cikin 'yan kaɗan da suka sauko da rai akwai Sarkin Yaƙi Gwadabe, sanyi ya gutsure masa yatsun dama.

Sarki ya sa aka yi shela ana neman sabuwar bindiga. Wanda aka zaɓi tasa za a ba shi lasisi da hatimi, ita kaɗai za a riƙa ƙerawa a maƙerar fada. Aka tace masu nema, saura attajirai biyu, Alhaji Tanimu da Alhaji Bawale. Ni na san irinsu, na yi zaman kasuwa da su. Kada ka nemi na kirki a tsakaninsu, babu.

Aka yi gwaji a ƙofar fada, cikin bazara, rana na dukan ƙeya. Bindigogin sai sheƙi suke, don al'adar ƙasar ce a shafe makami da man kaɗe, yadda kakanni suka riƙa yi wa takubba. Kowace mace a garin ta san yadda man kaɗe ke sandarewa in sanyi ya sauka, amma babu mace a majalisa. Aka harba ta Tanimu ta fasa ƙwarya, aka harba ta Bawale ta fasa ƙwarya. Kowa ya rantse tasa ba ta san sanyi ba.

Gwadabe ya ɗaga dungulmin hannunsa ya ce, “Ranka ya daɗe, waccan da ta ƙi motsi a kan dutse ma haka ta yi a wannan fili. Har guɗa aka yi mata.”

Sarki ya auna abin a ransa. In ya jira sanyi ya gwada su, tare da sanyin ne abokan gaba za su dawo, ba a ƙera ko ɗaya ba. In ya zaɓa yanzu, da ido zai zaɓa, kamar wancan karon. Can ya ɗago ya ce, “Ku duka kun rantse, ni kuwa ba ni da ma'aunin rantsuwa. Ga sharaɗina. Wanda ya karɓi lasisi, ɗansa na fari zai hau dutse da bindigar ubansa, ya tsaya a sahun gaba muddin lasisin na aiki.”

Kafin ya rufe baki Tanimu ya faɗi ya yi gaisuwa. “Zaki, ɗaya kawai? Ai in ka so biyu zan bayar!”

Fadawa suka ɗauka, “An gaishe ka, mai kishin ƙasa!”

Bawale kuwa gumi ya keto masa ta ƙarƙashin rawani. Sarki ya ce, “Alhaji, ko kurumta ta same ka?”

Bawale ya ce, “Allah ya ba ka nasara, a yi mini afuwa. Ɗana Habu ba zai hau dutse da wannan ba. Sakatar na matse ta ne don ta yi santsi a gaban jama'a, in man kaɗe ya sandare a ciki ko jaki ba zai ja ta ba. Sai an sassauta ta, a hana shafa mata mai, a riƙa goge ta da kananzir. Zoben kunamar ma ya yi ƙanƙanta, yatsa da safar hannu ba zai shiga ba. Kan sakatar kuma a ƙara masa girma, yadda ko da tafin hannu mutum zai buge ta.”

Sarki ya ce, “Yaushe ka san wannan?”

“Tun ranar da aka ƙera ta.”

“Me ya hana ka faɗa ɗazu, da kake rantsuwa?”

Bawale ya sunkuyar da kai. “Ɗazu 'ya'yan wasu ne za su riƙe ta.”

Sarki ya dubi Tanimu ya ce, “Kai ko ba ka san aibin bindigarka ba, ko ka sani ka miƙa ɗanka duk da haka. In na farko ne, ba ka isa maƙeri ba. In na biyu ne, wanda ya sayar da nasa, me zai yi da na talakawana? Tashi ka ba ni wuri. Kai kuma Bawale, lasisi naka ne, ba don kana da gaskiya ba, sai don na gano inda gaskiyarka take ɗaure. Habu zai hau dutse gobe.”

Aka gyara bindiga. An ce Bawale da kansa yake ja kowace sakata kafin ta bar maƙera, hannunsa cikin safa, yana zagin maƙera. Da sanyi ya sauka abokan gaba suka dawo, suka koma da gawarwakinsu.

Amma tun ranar hukuncin, bayan fada ta watse, Gwadabe ya tsaya. Ya ce, “Ranka ya daɗe, hukunci ya yi kyau. Sai dai waccan bindigar da ta ci yarana, kai ka sa mata hatimi. Ɗanka Yarima fa, yaushe zai hau dutse?”

Sarki ya dube shi, ya dubi dogarai. Kafin sati ya zagayo aka naɗa sabon Sarkin Yaƙi, mai yatsu cikakku. Yarima ya yi sanyin shekarar a ɗaki, gaban kaskon wuta.

Saboda haka in za ka sayi abin da rai zai dogara da shi, kada ka tambayi mai kaya ko yana da kyau, tambaye shi ko zai ba ɗansa. Amma in mai mulki ne ya koya maka wannan tambaya, kada ka kuskura ka mayar masa da ita.