Tagullar da Aka Binne a Turken Jakuna

Ya 'yan uwa Musulmi, an yi wani mutum a Karaye, a shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa. Ba zan kama sunansa ba, domin jikokinsa na nan da rai, kuma ba su suka yi ba. Sana'arsa fataucin tagulla. Yakan tsallaka iyaka ya saro sababbin fallayen tagulla, ya kawo wa maƙeran Karaye da Rogo su buga tire da tasa da faranti. Allah ya rufa masa asiri daidai gwargwado, amma shi bai ga haka ba.

A ofishin kwastan na bakin iyaka akwai wani ƙaton littafi, kowane kaya da layinsa da lambarsa. Sabon fallen tagulla layinsa daban. Tiren da aka riga aka ƙera layinsa daban. Tsohon tarkacen da za a narka shi ma daban, kuma shi ya fi kowanne sauƙin kuɗin fito. Mutumin nan bai iya karatun boko ba, amma layin tarkacen nan ya tsone masa ido.

Wata damina sai Shaiɗan ya raɗa masa dabara. Ya sari kaya fiye da yadda ya saba, ya kai gidan mai masaukinsa can ƙetare, ya tona turken jakuna, ya jera fallayen cikin taki da fitsari, ya mayar da ƙasa. In sun kwana ashirin za su fito baƙi da kore, kowa ya gani ya ce tarkace ne. In ya shigo da su gida kuwa, ruwan tsamiya da toka sun isa su dawo da ƙyallinsu.

Abu ɗaya ya rage masa. Ba a shigar da tarkace sai da takardar maƙerin da zai narka shi, da dangwalen yatsansa. To, a nan Ilu ya shigo.

Ilu maƙerin Rogo ne, tare suka yi karatun allo da mutumin nan. Shekara talatin yana bakin wuta, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Sai dai a lokacin ya yi wata biyu ba ƙarfen aiki, zugazuginsa har gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Mutumin ya iske shi a maƙera, aka gaisa, aka tambayi iyali da ruwan bana, sannan ya zaro takarda da tawada.

"Malam Ilu, ba wani abu ba ne, dangwale ne kawai. In kaya sun iso, kai za ka fara zaɓa."

"Alhaji, ai sabuwar tagulla ce."

"Da can ne sabuwa. Yanzu kai kanka ba za ka gane ta ba."

Ilu ya dubi murhunsa da ya yi sanyi. Ya tuna matarsa Tasalla tana kankare gindin rumbu da safe. Ya miƙa hannu. Ya 'yan uwa, ku riƙe wannan da kyau, domin za mu dawo kansa: Ilu ya yarda.

Ya dangwala, sai ga wani baƙin tabo kamar an ɗiga kwalli, babu zane ko ɗaya. Ya sake, haka. Ya sake na uku, haka. Shekara talatin na riƙon ƙarfe mai zafi da gugar tsamiya sun cinye zanen yatsunsa, sun yi sumul. Mutumin ya ja tsaki, ya yage takardar, ya fita ko sallama babu. Ilu ya zaci magana ta mutu ke nan. Bai san cewa abokinsa ya sa an rubuta wata takardar da sunan Ilu, ya dangwala nasa yatsan a ƙasa ba.

A bakin iyaka ma'aikacin kwastan ya ɗaga falle ɗaya, wari ya buge shi, ya toshe hanci. Ya ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah tarkace ne?" Mutumin ya ce, "Wallahi tallahi tarkace ne." Subhanallahi! Sunan wa ya kama? A kan me? A kan layi ɗaya cikin littafi.

Kaya suka iso Karaye, aka wanke su, suka yi ƙyalli kamar ba su taɓa ganin jaki ba. Maƙera suka yi rububi. Ilu kaɗai aka hana ko falle ɗaya, saboda haushin takardar da ta lalace. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Yana zaune yana jin amon guduma daga maƙerar maƙwabcinsa, shi kuwa hannu biyu a zube.

Amon bai daɗe ba. Duk wanda ya ɗora falle a uwar maƙera ya sauke masa guduma, sai ya dare kamar busasshiyar ƙwarya. Wanda bai dare ranar ba, bayan kwana uku tiren ya tsage a hannun mai shi. Ashe fitsarin jakunan nan ya ci tagullar ta ciki. Tsamiya ta wanke fatar ne kawai. Ranar kasuwar Karaye maƙera suka zube masa tsagaggun kayansa a gaban rumfa, aka yi ta hayaniya. Direban da ya ɗauko kayan, don ya wanke kansa, ya ba da labarin turken jakuna a gaban jama'a. Kafin mako biyu magana ta kai bakin iyaka.

Wata safiya motar gwamnati ta tsaya a ƙofar maƙerar Ilu. Tasalla ta biyo shi har zaure, mayafi a karkace. Aka kai shi Karaye gaban hakimi. Ga mutumin nan a durƙushe, ga ma'aikacin kwastan riƙe da takarda.

Hakimi ya ce, "Kai ne Ilu maƙeri na Rogo?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ga sunanka, ga yatsanka, ka shaida cewa tarkace ne za ka narka. Alhaji ya ce shawararka ce tun farko."

Gidan yari Ilu ya hango, da sunan da ya yi shekara talatin yana tsarewa. Me zai ce? In ya ce bai yarda ba, ya yi ƙarya. In ya ce ya yarda, ya ɗaure kansa. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, ga hannuna."

Aka shafa masa tawada, ya dangwala. Baƙin tabo, sumul. Aka gwada yatsunsa goma, duk haka. Na jikin takardar kuwa zane ne raɗau, da wani tsohon yankan lauje da ya ratsa tsakiyarsa. Duk wanda ya taɓa cin tuwo kwano ɗaya da mutumin nan ya san yatsan da ke da wannan tabo. Aka waiwaya, sai ga shi yana cusa hannu cikin aljihun riga.

Aka kwashe sauran kayan, aka soke takardar fataucinsa, ya yi zaman gidan yari. Da ya fito, babu maƙerin da zai karɓi ko allura daga hannunsa. Ya ƙare yana zaman bakin tasha, in ya yi rantsuwa mutane su kau da kai.

Ilu kuwa, da aka sallame shi a ranar, da ƙafa ya kama hanyar Rogo, don ya ce iskar Allah yake so ya sha. Tasalla ta hango shi, ta zauna daɓas a tsakar gida tana kuka tana dariya. Ya sha ruwa moɗa biyu, ya yi alwala, ya daɗe goshinsa a ƙasa. Rabonsa da jin ƙirjinsa wasai haka, ya manta.

Ya 'yan uwa, darasin a fili yake. Wanda ya canza wa kaya suna don ya ci haram, ya haɗa da rantsuwar ƙarya, ya sani abin da ya binne yana nan yana cin dukiyarsa ta ciki, ko da waje na ƙyalli. Amma akwai na biyu, kuma shi ya fi shafar ni da ku. Sau nawa muka miƙa hannu ga saɓo, Allah ya hana abin ya kama? Mun gode masa, ko mun ɗauka kirkinmu ne?

Shi Ilu bai ɗauka haka ba. Har ya tsufa, in mutanen Rogo suka nuna shi suka ce ga wanda ya ƙi dangwala wa ƙarya, sai ya ɗaga babban yatsansa mai sulɓi ya ce, "Kada ku ɗora mini abin da ban yi ba. Ni na yarda. Allah ne bai yarda ba."

Ya Ubangiji, ka kiyaye mu daga rantsuwar ƙarya da cin haram. Ranar da zuciyarmu ta karkata har muka miƙa hannu, ka tsare mu kamar yadda ka tsare Ilu. Amin.